Zobon Malam Maharazu Ya Yi Magana

A cikinmu Hausawan Croydon babu wanda bai san Malam Maharazu ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce bai sani ba. In motarka ta ƙi tashi, ya taɓa yin kanikanci. In council, wato ƙaramar hukuma, ta aiko maka da takarda, ya taɓa zama kusa da lauya a jirgin sama. Ni dai abin da na sani shi ne gadi yake yi a wani shagon kayan gini, kuma ranar da ya gyara mini injin ɗuma ruwa, sai da iyalina suka koma wanka da ruwan buta har bayan Sallah. Amma mutum ne mai zumunci, in ka kwanta asibiti shi ne farkon zuwa, shi ya sa muke haƙuri da shi.

Ɗansa na fari, Affan, a nan London aka haife shi. Yaro ne shiru-shiru, yana aiki a kantin magani, har mutane kan yi mamakin inda ya gado nutsuwa. Shi ne ya ga Zarah, 'yar Alhaji Mailafiya, wani attajirin Kano mai gida a nan, wanda ba ya zuwa sai lokacin zafi. Alhaji mutum ne mai tsauri, kuma ya riga ya sallami wasu masu neman yarinyar tun kafin su gama gaisuwa. Saƙon da ya aiko gajere ne. Ranar Asabar bayan Azahar, a wani ɗakin taro da ya kama a Whitechapel kusa da babban masallaci, zai ga dangin yaro da idonsa. In ya gamsu a shafa Fatiha, in bai gamsu ba kowa ya kama gabansa.

To, a al'ada uba ba ya nema wa ɗansa aure da bakinsa, balle ɗan fari, wanda ko sunansa Maharazu ba ya faɗa, sai dai ya ce "yaron nan". Aka tsayar da cewa Nata'ala, amininsa tun suna Kano, shi zai tsaya a matsayin baffa ya yi magana. Da yake a London dangi ba su da yawa, aka yarda uban ya je ya cika kujera, da sharaɗin kada ya buɗe baki.

Affan ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, please. Ka zauna kawai. Just sit."

Jamilatu, matar Maharazu, ta ce, "Malam, ka ji dai. Ko an tambaye ka, ka nuna Nata'ala."

Maharazu ya gyara hula ya ce, "Ni za ku koya wa al'ada? Ba zan ce uffan ba. Zobona ne zai yi magana."

Nata'ala ya ce, "Wane zobo kuma?"

"Wanda ko a Abuja Alhaji bai taɓa sha ba. Mai gas, daga famfo."

Asalin abin daga gidan maƙwabciyarsu Juliana ne. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Ghana, Kirista, amma a zongon Kumasi ta girma, saboda haka tana jin Hausa irin tasu. Sha'awarta a ranakun hutu ita ce haɗa giyarta a wata 'yar rumfa a bayan gida. Ta kan katanga Maharazu ya hango yadda take zuba ta cikin wani dogon tulun ƙarfe da Turawa ke kira keg, ta haɗa shi da tukunyar gas, ta murɗa famfo abin ya fito yana tashi. Tun ranar yake cewa asara ce a bar wannan fasaha a hannun masu giya.

Juliana ta ara masa tulu ɗaya da tukunyar gas da tiyo mai famfo a baki. Ta ce, "Malam, ka ji da kyau. Ka sa gas kaɗan-kaɗan, sati ɗaya. Ka sa shi cikin firji, sanyi ne yake riƙe gas. In ka kai shi wurin biki, ka bari shi ya huta. Kafin ka buɗe, ka ja wannan zobe na sama, iska ya fita."

Ya yi murmushi ya ce, "Madam, ni na yi aiki a kamfanin lemo a Kano."

Daga tagar kicin Jamilatu ta ce, "Wata biyu ka yi, kuma a bakin ƙofa kake, kana duba motocin da ke fita."

"Duk motar da ta fita ba da gas a cikinta take fita ba?"

Matsala ta farko ita ce tulun ya taɓa ɗaukar giya. Juliana ta ce ta riga ta wanke shi da magani, amma Maharazu ya ce wankin Nasara daban, tsarki daban. Ya tuno hukuncin ƙwaryar da kare ya sa wa baki, ya ce ai giya ba ta fi kare daraja ba. Babu malamin da ya tambaya. Ya wanke tulun sau bakwai, ɗaya da ƙasar da ya tono a lambun bayan gida, ƙasa mai tsakuwa, ya girgiza ta sosai har ta shiga kowane lungu da kowane bawul. Abin da ya ƙi fita shi ne wani hoto da Juliana ta manna a jikin tulun, na babban kofi cike da giya, kumfa na zuba ta gefe. Ya kankare shi da wuƙa, kunnen kofin kawai ya tafi.

Jamilatu ta dafa zobo mai kyau, da citta da kanumfari da abarba, ya juye a tulu ya rufe. Ranar Alhamis ce, babu sati ɗaya a hannunsa. Ya ce lissafi ne mai sauƙi, in lokaci ya yi kaɗan sai gas ya yi yawa. Ya murɗa har allurar agogon tukunyar ta kwanta a ƙarshe. Ya kwantar da tulun a falo, ya zauna a kujera yana gangara shi gaba da baya da ƙafa yana kallon labarai, wai don gas ya shiga jikin zobon. Da aka zo maganar firji, tulun ya ƙi shiga. Ya jingine shi a bakin tagar kicin inda rana ke bugawa, a tsakiyar watan Yuli, ya ce zobo ɗan ƙasar zafi ne, bai san wani firji ba.

Ranar Asabar Nata'ala ya zo da motarsa ya ɗauki Jamilatu da Affan da huhun goro da alawa. Da ya ga tulun da hoton da ke jiki, ya ce, "Wannan ba zai shiga motar da nake kai yara Islamiyya ba."

"Zobo ne."

"Ni na sani, kai ka sani. Wanda zai leƙo ta gilashi a danja fa?"

Maharazu ya ce su tafi, shi ya yi booking ɗin tasi, kuma zai riga su isa. Tasi ta zo. Direban wani dattijo ne ɗan Bangladesh mai suna Rahman, da carbi a rataye a madubi. Suka yi sallama da musabaha kamar sun san juna. Da Maharazu ya rungumo tulun, direban ya dubi hoton, ya dubi babbar rigar Maharazu da gemunsa, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce shi ba ya ɗaukar giya, kuma ɗan'uwa ya ji tsoron Allah, ƙofar tuba a buɗe take. Maharazu na neman yadda ake cewa zobo da Turanci, motar ta riga ta sha kwana.

Ya tsaya a bakin titi yana zufa. Tulun ya yi nauyin ƙaramin buhun shinkafa, ba abin saɓawa a kafaɗa ba ne, kuma yanzu ya gane ba abin nunawa a fili ba ne. Sai idonsa ya faɗa kan keken tura jarirai da 'yarsa Humaira ta bari a soro. Ya kwantar da tulun a ciki, ya ɗaure shi da bel ɗin jariri, ya lulluɓe da atamfar Jamilatu, ya cusa tiyon a ƙasa inda ake sa famfas. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya ce dabara ta fi ƙarfi.

A cikin tram, ƙaramin jirgin da ke bin titi, mutane suka matsa masa, wata ma ta tashi ta ba shi wurin masu jarirai. Ya karɓa da godiya. A West Croydon ya shiga jirgin da ke zuwa Whitechapel kai tsaye, kuma duk ramin da ke tsakanin gida da tasha sai da keken ya faɗa. Jirgin ya cika, ga zafi. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da shi ta sunkuyo tana murmushi, ta tambaya namiji ne ko mace.

Ya ce, "Namiji."

Ta tambayi watansa nawa.

Ya ce, "Kwana biyu."

Murmushin tsohuwar ya ragu. Ta ce ai bai kamata a rufe wa jinjiri fuska haka ba a wannan zafi. Daidai lokacin jirgin ya yi girgiza, daga ƙarƙashin atamfar aka ji wani siririn tsaki mai tsawo, tsiiii. Tsohuwar ta ce numfashin yaron nan bai yi mata daidai ba, ta kai hannu. Maharazu ya riƙe bakin atamfar da hannu biyu, ya ce a al'adarsu ba a ganin jariri sai an yi suna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A tasha ta gaba ya fita da sauri ya koma wani tarago, yana jin idon tsohuwar a bayansa.

Ya fito Whitechapel daidai lokacin da ake sallamowa daga Azahar. Titin ya cika da masallata da 'yan kasuwa, ya riƙa kutsawa tsakanin rumfunan kayan miya da na mayafai yana hawa dakali yana sauka. Saura ƙiris ya kai, sai ya ji an ce, "A'a, Malam Maharazu. Jikan ne ka fito da shi?"

Hajiya Mufeeda ce, ƙanwar Alhaji Mailafiya, gwaggon amarya, matar da ba ta taɓa ganin abu a rufe ta wuce ba.

Ya ce, "Barci yake, Hajiya."

"Haba, a wannan rana? Ai sai ku kashe yaro. Bari in ga mijin nawa."

Kafin ya tare, ta yaye atamfar. Ta dubi tulun da aka ɗaure da bel. Ta dubi kofi da kumfarsa. Ta mayar da atamfar a hankali kamar mai rufe gawa, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ƙofar masallaci."

"Hajiya, zobo ne, wallahi."

"Allah ya shirya," in ji ta, ta ciro waya ta yi gaba.

Ina cikin ɗakin taron lokacin da ya iso, don haka daga nan ba labari aka ba ni ba. Maza na zaune a kan darduma da kujeru, kowa cikin farar shadda, mata na can ɓangarensu bayan labule. Alhaji Mailafiya na tsakiya, cikin wata babbar riga fara sol mai aikin hannu, irin wadda ake ajiye wa rana ta musamman. Nata'ala na tsakiyar jawabi, yana tafiya daidai, ya kai inda yake cewa yaro ɗan gidan mutunci ne. Affan na can baya kansa a sunkuye. Sai wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya karanta, fuskarsa ba ta canja ba. Ya ɗago, ƙofa ta buɗe, ga uban ango yana turo keken jarirai.

Alhaji ya ɗaga wa Nata'ala hannu ya dakatar da shi. Ya ce, "Malam, mene ne a cikin keken?"

A yi wa Maharazu adalci, ya yi ƙoƙarin cika alkawari. Ya nuna Nata'ala da yatsa.

Nata'ala ya ce, "Ni ban san shi da keke ba, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ce, "An ce mini giya ce."

Na ga Affan ya rufe ido. Raina ya ɓaci saboda yaron nan, don kowa a wurin ya san in Alhaji ya miƙe tsaye, magana ta ƙare.

Maharazu ya yaye atamfar da kansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an hana ni magana, amma an taɓa mutuncina. Wannan tulu na tsarkake shi da hannuna, wanki bakwai har da ƙasa. Abin da ke ciki zobo ne, irin wanda babu shi ko a Makka. Ni na yi aiki a kamfanin lemo. Ba zan roƙe ka ka yarda ba, kofin farko naka ne."

Affan ya taso ya ce a hankali, "Baba, let it rest. Anti Juliana ta ce a bar shi ya huta."

"Yaron nan, koma ka zauna. Ango ba ya sa baki."

Ya sauke tulun a gaban Alhaji, ya danna tiyon a bakin bawul, ya ɗauki kofin gilashi, ya yi Bismillah da ƙarfi don kowa ya shaida. Zoben da aka ce ya ja, ko kallonsa bai yi ba. Ya danna famfo.

Kofin ne ya fara tafiya. Famfon ya bi shi, ya ɓalle daga bakin tiyo ya bugi agogon bango. Tiyon ya ƙwace daga hannunsa ya shiga bulala hagu da dama kamar macijin da aka taka wa wutsiya, yana feshin jar kumfa. Ya wanke sahun gaba, ya dawo ya wanke na biyu. Liman ya ɓuya a bayan huhun goro. Wani likita da ya zo daga Stratford ya tsallake kujera da babbar riga, abin da na tabbata bai yi ba tun yana firamare. Daga bayan labule Hajiya Mufeeda na cewa a kira 'yan kwana-kwana. Alhaji Mailafiya kaɗai bai motsa ba, kuma shi tiyon ya fi so.

Affan ya yi tsalle ya fizge tiyon daga jikin tulun. A ƙa'ida, da an cire tiyo bawul ɗin yakan rufe kansa. Amma tsakuwar lambun Maharazu na zaune a cikinsa tun ranar Alhamis. Zobo ya miƙe sama ɗoɗar, ya bugi silin, ya dawo kan jama'a kamar ruwan Agusta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, Maharazu ya faɗa kan tulun ya danne bakin bawul da babban yatsa, ya ɗora ɗaya hannun a kai. Feshin ya tsaya. Ba a jin komai sai ɗigar zobo daga silin.

Alhaji ya dubi rigarsa, wadda ta koma launin ɗanyen nama. Ya lashi leɓe. Ya sake lasa. Ya ce, "Zobo ne. Cittar ta yi daidai."

Babu wanda ya yi dariya, don ba mu san inda maganar za ta faɗa ba. Affan ya tuɓe sabuwar babbar rigarsa, wadda ta ɗan tsira saboda yana baya, ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Sannan ya koma ya tsuguna kusa da ubansa, ya ciro hankici yana goge masa kumfar da ke shiga ido, tunda shi ba shi da hannun gogewa. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Babana ne. Ya so ya girmama ka ne."

Alhaji ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Yaro, shekarunka nawa?"

"Ashirin da takwas."

"Duk a gidansa ka yi su?"

"E, ranka ya daɗe."

"Kullum haka yake?"

Nata'ala ya ce, "Yau ma da sauƙi."

Alhaji ya juya ga liman ya ce, "Malam, ni 'yata tana da rigima, uwarta ta sangarta ta. Abin da nake nema mata ba kuɗi ba ne, mai haƙuri nake nema, kuma ban san yadda ake gwada haƙuri a zama ɗaya ba. Yaron da ya yi shekara ashirin da takwas da wannan bawan Allah, bai gudu ba, kuma yau a gaban jama'a ya ce babansa ne, na ba shi. Ranar ɗaurin aure kuma ko ruwan leda kada uban ango ya kawo. A yi mana Fatiha."

Sai a lokacin dariya ta ɓarke, har bayan labule. Na saci kallon Maharazu. Yana durƙushe a kan tulun giyar Juliana, hularsa na ɗiga, ya ji maganar Alhaji sarai kuma ya gane ta. Ya buɗe baki, na ce shi ke nan, zai ce ai dama ya tsara. Sai ya mayar ya rufe. Ɗansa kawai yake kallo, idonsa ya cika da ƙwalla, kuma ban taɓa ganinsa haka ba.

Liman ya fito daga bayan goro ya ɗaga jajayen tafuka, muka ɗaga namu. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa yaran zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya roƙa wa iyayensu tsawon rai su ga jikoki. Da ya ce Fatiha, kowa ya karanta ya kai hannu fuska. Maharazu, da zuciyarsa ta cika, ya manta inda hannuwansa suke. Ya ɗaga su duka biyu ya shafa.

Ashe rabin tulun na nan, zobo ya sake miƙewa sama. Alhaji bai daɗe da sa rigar Affan ba.

Nata'ala ya share fuska da hannun riga, ya dubi silin, ya ce, "To, jama'a, uban ango ya ce amin."